Amsa: yaya ake auna dabarar haɗa zirin bidiyo ba tare da sanin gaba ba?

Malam, ka tambaya ta yaya za a ce dabarar haɗa zirin bidiyo (wato sa masu kallo da yawa su yi tarayya a kan ziri ɗaya, ma'ana bidiyon da ake turowa kai tsaye ta intanet) ta yi kyau, alhali sabar, wato kwamfutar da ke aika bidiyon, ba ta san wanda zai zo kallo nan gaba ba.

A ce fim na minti 120 ne. Wani ya fara kallo ƙarfe 8:00, wani kuma 8:05. Na'urar na biyun tana karɓar ziri biyu lokaci guda: nata na farkon fim, da na mutumin farko wanda take ajiyewa. Bayan minti 5 sai a rufe nata zirin, ta ci gaba da nuna fim ɗin daga abin da take ajiyewa. Sabar ta aika minti 125 ke nan maimakon 240.

Wahalar tana wajen zaɓi. Da na uku ya iso, dole a yanke zirin wa zai bi nan take, kuma zaɓin da ya dace yanzu kan iya zama asara idan jama'a suka turo daga baya.

Shi ya sa ake kwatanta dabarar da wata wadda aka ɗauka ta san lokacin zuwan kowa tun farko, salon da masana kwamfuta Sleator da Tarjan suka kafa a 1985. Idan a mafi munin yanayi ba ta wuce ninki 3 na abin da waccan za ta aika ba, makinta 3. Ni na fi ba wa cunkoson lokaci ɗaya, wato yawan zirin da sabar ke aikawa a lokaci guda, muhimmanci a kan jimillar abin da aka aika, domin shi ke durƙusar da sabar.