Amsa: Talaka zai samu gida idan aka gyara bakin rafin Dilimi?

Malam, ka tambaya ko zai yiwu a gyara bakin rafin Dilimi da ke Jos a gina gidaje, mai hali da talaka su zauna unguwa ɗaya. Zai yiwu, amma sai an rubuta shi a yarjejeniya tun kafin a aza tubalin farko. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka yana iya gindaya wa kamfanin gini sharaɗi: babu takardar mallaka sai ya ware wani kaso na gidajen ga masu ƙaramin ƙarfi. A Ingila ƙananan hukumomi kan yi wa magina irin wannan sharaɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da ke wurin yanzu. Ambaliyar Yulin 2012, lokacin da dam ɗin Lamingo ya tumbatsa, ta ci rayuka a unguwannin Rikkos da Gangare, don haka gyaran ya zama dole. Amma mai tura baro a kasuwar Terminus ko mai sayar da gwanjo ba don sha'awa ya raɓu da bakin ruwa ba, da ƙafa yake zuwa wurin nema. A kai shi bayan gari, kuɗin keke kaɗai ya cinye ribar yini. Su ya kamata a fara rubutawa, da sunansu, har da 'yan haya.

Sannan a duba kuɗin gadi, shara da janareta. Haya mai sauƙi ba ta da amfani idan waɗannan sun ninka ta, kuma su ne ke korar talaka a hankali bayan an yi bikin buɗewa.