Kan 'yarki da ke son barin karatun injiniya

Hajiya, kin ce 'yarki na ajin injiniya a jami'ar ABU da ke Samaru, mata 'yan ƙalilan ne, har ta fara cewa wurin ba nata ba ne. Don Allah kar a tsaya a "ki daure" kawai.

A 2011 Walton da Cohen, masana halayyar ɗan Adam a Amurka, suka wallafa wani bincike. Sun ba ɗaliban jami'a baƙaƙen fata 'yan aji 1 labaran na gaba da su, masu cewa kowa ya ji baƙunta da farko, daga baya ta wuce. Makinsu ya yi ta ɗagawa har shekaru 3.

Ki samo mata wata 'yar aji 4 a sashensu, su zauna bayan lacca ko da kan kunun aya ne, ta ba ta labarin yadda gwajin farko ya kayar da ita.