Ku Tambaya Mu Amsa: Wace shiga ta dace da mai hawa keken caji a Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ma'aikaci ne, a Rigasa nake zaune, wurin aikina kuma yana wajen Ahmadu Bello Way. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfina, shi ne na lallaɓa na sayi keke mai caji. Alhamdulillah ina jin daɗinsa, matsalata ɗaya ce, kayan sawa. Da safe in na fito sanyi har cikin ƙashi, in na sa rigar sanyi mai kauri da rana ta zame min jidali, ga damina in ta zo shaddata ba ta isa ofis da mutuncinta. Dan Allah a ba ni shawara. Daga mai karatu a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa alheri ya tsare hanya. Toh abu na farko da nake so ka gane, keken caji ba irin keken da muka taso muna tuƙawa ba ne. Wancan kafin ka yi nisa jikinka ya ɗau zafi don kai ne injin, wannan kuwa batir ke aikin kai kana zaune, kana tafiya kilomita 25 ko 30 a awa iska na dukan ƙirjinka ba abin da ke ɗumama ka. Shi ya sa za ka tsaya a tsakar gida ka ji ai sanyin da sauƙi, kana hawa kwalta sai haƙora su fara haɗuwa. Ka riƙa yin shiga don iskar hanya, ba don yanayin tsakar gidanka ba.

Kuma ka san halin Kaduna a Disamba da Janairu, da asuba sanyi kan sauka wajen digiri 15, kafin azahar zafi ya haura 30, kaga riga ɗaya mai kauri ba za ta yi maka duka biyun ba. Abin da ya fi shi ne marasa nauyi guda uku a jere. Ta ciki mai kama jiki, irin yadin rigar 'yan ƙwallo ya fi auduga a nan domin auduga in ta sha zufa riƙe ta take yi, sai ta dawo tana sanyaya ka. Sai kaftaninka. Sai ta sama jaket marar nauyi mai zif har wuya, irin mai santsin nan da iska ba ta ratsawa. Suwaita ta saƙa tana da ɗumi a ɗaki amma a kan keke iska bi take ta cikin hudojinta kamar rariya, gaskiya mutane da yawa a nan suke kuskure. Ka shiga Kasuwar Barci wajen masu gwanjo, ka ɗauki jaket ɗin ka kara a bakinka ka hura, in ka ji iskar ta ratsa ta taɓa hannunka ta baya ajiye ta ka duba wata. Wacce ta dace in ka naɗe ta ba ta fi girman burodi ba, da rana sai ta shige jaka.

Hannu da kunne da wuya kar ka manta da su. Yatsun da sanyi ya ƙandare ba sa kama birki da wuri, wannan ba maganar ado ba ce, safar hannu siririya ta wadatar. Ga ƙurar hunturu, musamman hanyarku ta Rigasa da safe in manyan motoci sun tayar da ita, ka sa takunkumi da farin tabarau, ka shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe da bayan hannu kafin ka fito. Hular kwano kuma dole ce, ko da kana ganin ai keke ne ba mashin ba, kwalta ɗaya ce. Zanna bukar ɗinka ka sa ta a jaka ka kafa ta in ka isa. Ranar hazo ka kunna fitila ko da gari ya waye, in jaket ɗinka baƙa ce ka ɗora rigar nan mai ƙyalli irin ta masu aikin titi.

Maganar damina kuwa, daga Mayu har Oktoba rigar ruwa ba ta barin jakarka ko da ka ga sama tas, hadarin garin nan cikin rabin awa yake haɗuwa. Ka nemi mai riga da wando, ka bar burgujejiyar nan da ake zurawa ta ka, iska na cika ta tana fizgar mutum, gefenta kuma na lilo kusa da taya. A watan Agusta lokacin marka ni shawarata kar ma ka sa shaddar a jiki, ka ninke ta a leda biyu tare da takalmin ofis, ka hau da tsohon wando da takalmin roba mai rufe ƙafa, in ka isa ka canza. Silifas dai a'a, in ya jiƙe zamewa yake daga feda. Sannan ka duba murfin tare taɓo da ke saman taya, in babu ka sa a saka maka, yawancin taɓon da ke ɓata bayan riga daga tayarka yake fitowa ba daga sama ba.

Tambaya: Malam ni malamar makaranta ce a Barnawa, maigidana ya saya min keken caji amma ina tsoron hawa da hijabi. Ya zan yi ban bar suturata ba?

Amsa: Malama tsoronki yana kan hanya, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ki fara. Na taɓa gani da idona wajen Kawo, wata baiwar Allah a bayan mashin gefen hijabinta ya shiga taya, kafin mai mashin ya taka birki ya riga ya shaƙe mata wuya ya fizgo ta ƙasa, Allah ya taƙaita amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ba sai kin bar suturarki ba ko kaɗan. Ki ɗinka hijabin hawa daban, mai hannu wanda ya tsaya iya gwiwa, yadi mai ɗan nauyi da iska ba ta ɗagawa, dogon har ƙasan ki naɗe shi a jaka ki zura in kin sauka. A ƙasa wando mai faɗi amma da roba a idon sawu, doguwar riga a kai ki tattaro ta gaba ki zauna a kan bayanta yadda ba abin da ke reto. Zani da mayafi mai jela ki haƙura da su a kan keke. Ki kai wa mai gyara ya rufe miki sarƙa, ya kuma sa raga a gefen tayar baya ta sama. Hular kwano tana zama daidai a kan hijabi, ki dai gwada ta da hijabin a jikinki ranar saye don kar ta matse. Wannan maganar har da maza masu babbar riga ranar Juma'a.

Tambaya: Ruwan sama yana lalata batir? Daga ɗalibi a Malali.

Amsa: Yayyafi da ruwa na ƙa'ida yawanci ba sa yi masa komai in murfin wurin caji a rufe yake. Abin gudu shi ne kutsawa cikin ruwan da ya taru, irin wanda ke kwanciya a titi in kwalbati ya toshe, domin yawancin kekunan nan injinsu a tsakiyar tayar baya yake. In ka ga ruwa zai kai nan, sauka ka nemi wata hanya ko ka fake ka jira ya janye. In ka dawo gida a jiƙe kar ka jona caja nan take ko da an kawo wuta, ka goge keken da tsumma, ka buɗe murfin ka bar wurin ya sha iska ya bushe tukuna.