Jitar da aka ƙera irin ta 1937: ta cancanci kuɗinta?

Tambaya: Na yi shekara goma ina kiɗan jita a Kano, yanzu kuma na tara kuɗi zan yi odar Martin daga Amurka. Na ga D-28 ta yau da kullum, na kuma ga D-28 Authentic 1937 wadda kuɗinta ya ninka nata har da ɗori. Me ake saye da wannan ƙarin? Ko suna ne kawai?

Amsa: Malam, ba suna ba ne kawai. Abin da za ka biya wa kuɗin yana cikin cikin jitar, inda ido ba ya kaiwa sai ka zura madubi ta bakinta.

Kamfanin Martin tsoho ne. Wani Bajamushe, Christian Frederick Martin, shi ya kafa shi a 1833 a New York, sannan ya koma garin Nazareth da ke jihar Pennsylvania, inda suke har gobe. Babbar jitar nan mai faɗin ƙugu da ake kira Dreadnought, wadda D-28 ke cikin jinsinta, sun fara ƙera ta a 1916 don kamfanin Ditson, aka raɗa mata sunan wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Sai a 1931 suka fitar da ita da sunansu, a 1934 kuma aka ƙara wa wuyanta fili yadda yatsa zai kai gaɓa 14 kafin ya taɓa jikinta.

A ƙarƙashin allon fuskar jita akwai 'yan itatuwa da aka manna a gicciye, kamar haƙarƙari, su ne ke hana tsirkiyoyin ƙarfe fizge allon. Maƙeran shekarun 1930 suna fere waɗannan haƙarƙarin har su rame a tsakiya, kuma mahaɗarsu tana kusa da bakin jitar. Saboda haka allon yake rawa a sake, ka ja tsirkiya ɗaya ta ƙasa ka ji amon a ƙirjinka. Amma abin da ya rame ba ya jure wuya. Makaɗa suka riƙa ɗaura tsirkiyoyi masu kauri, allo yana kumbura. A 1938 aka ja mahaɗar baya, a 1944 aka daina feren gaba ɗaya. Katakon fuska na Adirondack, wani nau'in itacen spruce, ma aka maye gurbinsa da wani nau'in mai suna Sitka bayan yaƙin duniya na biyu. Authentic 1937 komawa ce ga wancan tsohon yayi: haƙarƙari fererru, katakon Adirondack, gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba, da ƙarfen wuya wanda ba a juya shi.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna da kai. Jitar zamani tana da sandar ƙarfe a wuya da ake ɗaurewa ko a sassauta da ɗan makulli idan wuyan ya lanƙwashe. Sandar Authentic kuwa ba a juya ta. In ta motsa, sai gwanin gyara. Kuma katako mara kauri irin wannan yana son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Kai ka san hunturun Kano, lokacin da leɓe da dunduniya ke tsagewa. Na taɓa riƙe wata jita mai tsada da ta kwana wata biyu a rataye a bango cikin hunturu: tsaga ta bi allon daga jakin tsirkiya har gindi, bakin ƙarafan wuya sun fito suna yankar yatsa. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, don soso mai ɗan danshi a cikin akwatinta da ya isa ya cece ta.

In ka tambaye ni, duba HD-28, wani samfurin jitar Martin, tukuna. Tun 1976 Martin ya dawo da fererrun haƙarƙari a cikinta, tana da wuyan da ake daidaitawa, kuma za ta ba ka mafi yawan amon da kake nema da rangwame mai yawa. In kuwa zuciyarka ta kafe a kan Authentic, to ka haɗa da ma'aunin laima da abin jiƙa akwati a oda ɗaya, kada ta taɓa kwana a waje daga Nuwamba zuwa Maris.

Idan wani ya yi maka tayin tsohuwar D-28 ta gaske da aka yi kafin 1969, jikinta katakon rosewood na Brazil ne, wanda yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta tsaurara cinikinsa tun 1992. Kada ka tura ko sisi sai ka ga takardun izinin fitar da ita, in ba haka ba kwastam na iya riƙe ta a hanya.