Maigida, Me Ya Sa Ba Ma Matsa Lemun Tsami a Shayin Madara?

Ka tambaye ni me ya sa idan mutum ya ce a haɗa masa shayi mai kauri, a kuma matsa masa lemun tsami saboda mura, nake ce masa ya zaɓi ɗaya. Ka ce ai kuɗinsa ne, cikinsa ne. Haka ne, ɗana, amma tebur namu ne. In ya kurɓa ya ji gudaji-gudaji a bakinsa, ba zai tuna cewa shi ya nemi haɗin ba. Tashi zai yi ya je majalisa ya ce madarar mai shayin bakin tasha ta lalace. Wanda ya ji kuwa ba zai zo ya tambaye mu yadda aka yi ba, teburin gaba kawai zai wuce.

A duk kayan da ke kan teburin nan babu mai saurin ɓaci kamar madara. Tana haɗuwa da tsami sai ta tsinke, farin ya dunƙule wuri guda, ruwan ya ware gefe. Zafi kuma ƙara mata sauri yake yi, shi ya sa abin da zai ɗauki lokaci a ruwan sanyi yake faruwa nan take a kofin shayi, tun kafin ka gama sheƙawa. Kada ka ce wai ta gwangwani ce kaɗai ke haka. Peak ɗin ruwa, Cowbell ɗin gari, duk halinsu ɗaya da zarar sun narke. Milo ma akwai madara a cikin garinsa tun daga kamfani, saboda haka wanda ya ce "ban da madara, Milo kawai da lemo" bai tsira ba, ga kuma kokon cakulan da ke cikinsa da tsami da ba sa daɗi tare ko da babu abin da ya tsinke.

Dubi masu awara, ai da gangan suke yin wannan abin. Su tafasa madarar waken suya, su zuba ruwan tsami ko tsamiya, ta dunƙule, su tace a ƙyalle su danne. Fulani masu cuku kuma da tumfafiya suke tsinka madarar shanu. Wato abin da ke sana'a a wurin wasu shi ne ɓarna a wurinmu, domin mu ruwa mai santsi muke sayarwa, wanda zai bi maƙogwaro ba tare da an tauna ba.

Na san za ka kawo mini zancen nono da kindirmo, ka ce ai su ma madara ce mai tsami, kuma da fura babu wanda ke ture ƙwaryar. To nono a hankali ya yi tsaminsa, ya kwana ya kama jikinsa gaba ɗaya, sannan aka burge shi ya yi laushi, kuma da sanyinsa ake sha. Ɗauki wannan nonon ka zuba a tafasasshen shayi ka ga abin da zai zama. Haka kunun gyaɗa: ana sa masa tsamiya ko lemun tsami, ya yi kauri ya yi daɗi, domin akwai gasara ko shinkafa da ke riƙe shi. Shayi ba shi da abin da zai riƙe masa.

Duk wani mai tsami hukuncinsa ke nan da madara. Zoɓo, ruwan tsamiya, lemun zaƙi, har Coke. Zuba Peak a kwalbar Coke ka ajiye ta, ka dawo bayan an jima, za ka tarar wani abu ya kwanta a ƙasa, saman ya washe. Maltina da madara kuwa suna tafiya lafiya, tsaminta bai kai ya ɓata haɗin ba, shi ya sa mutane suka saba da shi.

Akwai wanda ya fi lemun tsami yaudara, shi ne ɗanyar citta. Ita ba tsami gare ta ba, amma ruwanta na ɗauke da wani sinadari da ke kama madara mai ɗumi ya daskarar da ita. A kudancin Sin har wani abin zaƙi suke yi da haka, su zuba madara mai zafi a kan ruwan citta ta kwanta, a ci da cokali. Tafasa ce ke kashe ƙarfin sinadarin. Dalilin da ya sa nake hana ka goga citta kai tsaye a kofin mutum ke nan. A tukunya take shiga, tare da kanumfari da masoro, ta tafasa sosai tukuna. Busasshiyar nan ta Kudancin Kaduna, ta wajen Kachia da Kafanchan, ita na fi so saboda ƙamshi, amma ita ma ba na yarda ta tsallake tukunya.

Abarba ta fi kowa mugunta, domin ita ba ta tsaya ga tsinka madara ba, ɗaci take sa mata. Da azumi za ka ga an markaɗa abarba da madara tun la'asar an sa a firji, a zo buɗa baki a tarar da ɗacin da sukari ba ya rufewa, a yi ta zargin mai kanti. Laifin ɗanyar abarba ne, tana cin madarar a hankali, kuma gwanda ma tana da irin halin. In an sha nan take, da sauƙi. In aka dafa abarbar ko aka yi da ta gwangwani, shi ke nan, babu ɗaci.

Yanzu bar zancen madara, mu zo ga masu zuwa bayan asuba. Wani zai kurɓi ruwan bunu da lemo ya yamutsa fuska ya ce ka yi rowar sukari, alhali cokali uku ka zuba a gabansa. Kafin ka ƙara masa, tambaye shi ko yanzu ya goge baki. Abin da ke sa man goge baki kumfa yana danne jin zaƙi a harshe na ɗan lokaci, ya kuma fito da ɗaci fili. Mai asuwaki ba ya wannan ƙorafin. Ba shi burodi ya fara da shi, ko ya kuskure baki da ruwa, sannan ya koma ga kofinsa. In ka biye masa kana ƙara sukari, kai ka yi asara, shi kuma rabin kofin ƙarshe zai gagare shi sha don zaƙi.

Ganyen shayi shi ma yana da nasa. In ka bar Lipton ya daɗe yana tafasa, bauri yake fitarwa, irin mai kama harshe. Wanda ya tauna goro ya bi da wannan, ya tara bauri biyu a baki guda. Madara kaɗan tana kwantar da shi, lemo kuma ya washe masa launi ya ba shi armashi. Ka ga kowannensu gyara yake yi shi kaɗai, haɗa su ne matsala. Buzaye kuwa da suke dafa nasu shayin ya yi ƙarfi a ƙaramar buta, sukari suke sa masa sosai, wasu da na'ana'a, a sha a ƙananan kofuna, ba ruwansu da madara.

Mai cin Indomie da ya sha attaruhu, kada ka miƙa masa ruwan bunu mai tururi a tsakiyar ci. Zafin ruwa ƙara wa yaji wuta yake yi a harshe. Nan ne madara ke da rana, domin ita ke wanke yaji, ruwa ba ya iyawa.

Sai dai ka kiyaye bakinka, kada in ji ka ce wa mutum guba ce. Madarar da lemo ya tsinka ba ta kisa, ko wadda ka sha lafiya lau tsinkewa take yi idan ta isa ciki. Haka zancen da ake yaɗawa cewa mangwaro da Coke na kashe mutum, ko kifi da nono na ɓata fata, jita-jita ce, kuma teburina ba wurin yaɗa ta ba ne. Daɗin baki muke magana a kai. Ka ce masa, "Alhaji, madara ko lemo? Tare ba sa yi." Mai mura dai ruwan bunu da citta da lemo, da zuma in akwai, ya fi masa. In ya nace, haɗa masa mai kaurinsa, ka yanka lemon ka ba shi a hannu ya matsa da kansa.

Mafi yawan mugun haɗin da ke korar mutane ma ba su ne suke nema ba, mu ne muke yi musu ba tare da mun lura ba. Wuƙar da ta yanka albasa ta koma kan burodi ko lemo. Cokali mai yatsun da ya kaɗa ƙwai ya faɗa cikin kofi. Kofunan shayi a wanke su a ruwan da aka wanke kwanon wainar ƙwai, sai zafin shayi ya taso da ƙarni tun kafin kofin ya kai baki. Gwangwanin madara a buɗe kusa da kifin gwangwani ko galan ɗin kananzir, ita kuwa madara duk warin da ta samu sai ta ɗauka. Saboda haka roba biyu za ka riƙa ajiyewa ta wanki, kofuna su fara shiga tun ruwan yana da tsabta. Gobe in ka shiga kasuwa sayen ƙwai, ka sayo wata wuƙar, mu ɗaura mata jan zare a ƙota, ta zama ta burodi da lemo kaɗai.