Filin Tambaya: Anti, wanne littafi ya fi shiga ranki a bana?

TAMBAYA: Salam Anti, barka da aiki. Ni dai duk shekarar nan a waya na yi karatuna, labaran da ake turowa a WhatsApp shafi-shafi, wani ma sai ka biya kuɗi kuma marubuciyar ta tsaya a tsakiya. Don Allah cikin littattafan da kika karanta bana wanne ya fi kama ki, in nema? Daga wata ƙanwarki a Gusau.

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya ƙara miki son karatu. Guda biyu ne suka tsaya min, kuma duk tsofaffi ne.

Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, tun 1934 ya fito, cikin littattafan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya, tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Siriri ne, zama ɗaya za ki gama shi amma wallahi nauyinsa ya fi na wasu masu juzu'i biyar. Yaro aka sace zamanin cinikin bayi, wani Balarabe ya tafi da shi ƙasarsu ya riƙe shi kamar ɗansa har ya zama malami, ita kuwa uwar, nan ne fa zuciyata ta karye, ta bar gida ita kaɗai ta bi sawun ɗanta, aka kama ta ita ma aka sayar, ta ƙetare hamada tana baiwa, da ƙyar suka haɗu kuma ba ta daɗe ba ta cika. Marubucin bai tsaya zuba ma labarin kuka ba, a hankali yake ba ki shi, ke da kanki za ki ji hawaye.

Na biyu Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, 1990. Rabi da 'ya'yanta tara, miji ya kawo amarya ya kore ta, ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe gidanta. Kina karantawa za ki tuno wata a unguwarku, shi ya sa nake so duk budurwa ta karanta shi kafin aure, samarin ma haka.

Ban ce ki daina na waya ba, akwai masu ƙoƙari sosai a cikinsu. Amma fara da Shehu Umar, ki tambayi masu sayar da littattafan makaranta ko malamin Hausa na sakandaren da ke kusa da ku, da wuya a rasa. In kin gama ki rubuto min yadda kika ji da uwar nan.