Tambaya da Amsa: Sulhun 'Yar'aduwa Zai Yi Aiki a Dajin Zamfara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Talata Mafara. A majalisarmu ta bayan la'asar kullum gardamar ɗaya ce. Wasu sun ce a yi wa 'yan bindiga afuwa kamar yadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta, wasu kuma sun ce ba abin da ya dace da su sai wuta. Ko akwai abin da shugabannin ƙasa na baya suka yi a lokacin rikici da zai raba mana wannan gardama?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah Ya ba da ladan koyarwa. Gardamar taku ba za ta rabu cikin sauƙi ba, domin kowane ɓangare ya riƙe rabin labarin 'Yar'aduwa ne ya saki rabin.

Masu cewa afuwa sun manta cewa kafin a yi maganarta sai da aka ji jiki. A watan Mayun 2009 sojoji suka afka wa sansanonin jagoran tsagerun Tompolo a yankin Gbaramatu na jihar Delta. Sai a ranar 25 ga Yuni shugaban ya yi shelar afuwa, kuma ba a buɗe ya bar ta ba. Kwana 60 ya bayar, daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Oktoba. Wanda ya zo zai ajiye bindiga, a rubuta sunansa, a tura shi koyon sana'a ko karatu, a riƙa ba shi Naira 65,000 duk wata. Tun kafin nan, a 2008, ya kafa ma'aikata sukutum don yankin. Masu cewa wuta su ma sun manta cewa shekara da shekaru ana wutar, amma fasa bututun mai bai lafa ba sai da aka zauna.

To me ya sa abin ya kama a can? Tsagerun suna da shugabanni sanannu, irin su Tompolo da Ateke Tom da Boyloaf, waɗanda in sun ce a ajiye, yaransu da yawa za su ajiye. Suna da buƙata guda da kowa ya sani, wato rabon arzikin mai da gurɓatar ruwa da gonaki. Sannan, mu faɗi gaskiya, aljihun gwamnatin tarayya ne ke yoyo, shi ya sa Abuja ta ɗauki abin da zafi. Gero da dawar da manomin Dansadau ya kasa nomawa ba sa shiga lissafin kason wata.

A namu dajin daba-daba ce, kowace da ubangidanta, kuma su kansu ba sa ga maciji da juna. An yi sulhu da ƙasurgumin ɗan bindiga Buharin Daji a zamanin Gwamna Abdul'aziz Yari cikin 2016, ya rushe, shi kansa Buharin Dajin ɗan'uwansa ɗan daji ne ya kashe shi a 2018. Bello Matawalle ya sake gwadawa a 2019, aka ɗan sha iska, sai ga sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021. A Satumbar shekarar aka koma ɗaya gefen, aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Ni da kaina na shiga mota daga Gusau har Funtuwa don kawai in kira ɗana da ke karatu, na tarar da mutanenmu tsaitsaye a bakin tasha, kowa da takarda cike da lambobi da saƙonnin maƙwabta da zai isar. Sulhun gwamna ɗaya ne, a jiha ɗaya, ɗan bindiga kuwa babur ɗinsa bai san iyakar Katsina ko Sakkwato ba. Kuma sau da yawa ba wa'adi, ba rajista, ba wanda ya ƙirga bindigogin da suka rage a daji.

Janar Yakubu Gowon ma ana yawan kafa hujja da shi. Da Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara a ƙarshen yaƙin basasa, a Barikin Dodan da ke Legas, ranar 15 ga Janairun 1970, Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, bai kafa kotun ramuwa ba, ya kuma ƙirƙiro bautar ƙasa a 1973 don yara su san juna. Wannan dattako ne daga mutumin da bai kai shekara 40 ba. Sai dai ku lura, bayan ya gama da filin daga ne ya yi sassaucin, ba yana tsakiyar shan kashi ba. Kuma fam 20 ɗin da aka ba masu ajiya a banki daga yankin Biyafara, komai yawan kuɗinsu na zamanin yaƙin, har gobe jikokinsu na maganarta.

Amma ni darasin da na fi so ku ɗauka ba sai kun je Legas ko Fatakwal ba, yana nan bayan gidanku. Dam ɗin Bakalori aikin gwamnatin tarayya ne, an kammala shi a ƙarshen shekarun 1970. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje, aka yi ta jan ƙafa kan diyya, wasu manoman suka yi damina bayan damina ba su shuka komai ba saboda ana gyaran fili. Da haƙuri ya ƙare suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, Alhaji Shehu Shagari na shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa na gwamnan tsohuwar jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Mutanen yankin da masu binciken da suka bi sawu suka ce ɗaruruwa ne. Shagari mutum ne mai sanyin hali, malamin makaranta kamarka, ɗan ƙasar nan kuma, amma sanyin halin shugaba bai hana jini zuba ba, tunda an bar kukan talaka ya kwana har ya yi tsami. Manoman nan ba 'yan fashi ba ne, kuma ba na haɗa su da masu satar mutane. Abin da nake nunawa shi ne, rikicin burtali da satar shanu da kisan 'yan sa-kai ba shari'a da suka haifar mana da wannan bala'i, su ma sun daɗe suna kwana a teburin hukuma kafin su zama abin da suka zama.

Shi kansa 'Yar'aduwan, Allah Ya jiƙansa, kada ku ɗauke shi wanda bai taɓa kuskure ba. Wata ɗaya bayan shelar afuwa rikicin Maiduguri ya ɓarke, ya ba jami'an tsaro umarni ya tafi ziyara Burazil, aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. An ɗauka an kashe maciji, ashe ba a sare kansa ba. Shugaba ɗaya, shekara ɗaya, can ya zauna ya tsara, nan ya yi gaggawa.

Saboda haka in an sake ɗaga maganar a majalisa, kar ka tsaya a kan afuwa ko wuta. Tambaye su, wa zai sa hannu a madadin daji, wa zai karɓi bindigogin ya ƙirga, kuma matar da aka kashe wa miji a Maru ko Anka me za ta samu, tunda a Neja Delta ma mai bindiga aka biya, ba wanda aka harba ba. In kuma akwai tsohon da ya ga shekarar Bakalori da idonsa, ku shimfiɗa masa tabarma ran nan, ku tambaye shi ko diyyar gonarsa ta fito.